Gidan da Gani Ya Kori Ji

Jawabin da aka gabatar a taron malamai da iyalansu na ƙarshen zangon karatu



Muna godiya ga shugabannin reshe da suka ware mana wannan lokaci. An saba a irin wannan taro a yi maganar albashi da ƙarin girma da fansho, kuma duk maganganu ne da suka cancanci a yi su. Yau kuwa, tun da iyali ne suka fi yawa a zauren, an nemi mu kawo abin da ya shafi gida. Saboda haka za mu yi magana a kan irin gidan da muka tashi a cikinsa, mu bakwai 'ya'yan mutum ɗaya, wato gidan da maigidan kurma ne. Za mu yi ta a matsayinmu na 'ya'yan kurma, sannan a matsayinmu na malaman firamare waɗanda 'ya'yan kurame ke zama a gabansu kullum. Abin da muke son tabbatarwa ɗaya ne: kurma uba ne cikakke, kurma uwa ce cikakkiya, kuma haƙƙinsu ne makaranta ta yi magana da su kai tsaye, kada ta ɗora wa ɗansu kayan da suka fi ƙarfin wuyansa.

Bahaushe yana da kalmomi biyu da yakan haɗa su wuri guda. Kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuwa wanda ba ya magana. Mahaifinmu an haife shi yana ji yana magana, sai sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara shida, a cikin zafin bazara. Ya tashi daga ciwon, amma jinsa bai tashi tare da shi ba. Ya riƙe 'yan kalmomi daga ƙuruciyarsa, yana furta su da muryar da shi kansa ba ya jin ta. Labarinsa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Manyanmu da ke nan suna tune da annobar sanƙarau ta shekarar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta yi ajalin sama da 11,000. Daga cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda ciwon ya tafi da jinsu. Yaran nan sun girma, sun yi aure, kuma 'ya'yansu ne ke zaune a ajujuwanmu yanzu. Mafi yawan 'ya'yan kurame suna ji garau, shi ya sa malami kan yi shekara guda da yaro bai san irin gidan da ya fito ba.

To, yaya zaman irin wannan gida yake? Dokarsa ta farko ita ce ba a kira daga bayan bango. Mai son magana da Baba sai ya taso ya tsaya a gabansa, ko ya taɓa kafaɗarsa a hankali, ko ya bubbuga bencin da yake zaune a kai. Doka ta biyu ita ce haske. A wasu gidaje idan aka ɗauke wuta sai hira ta ƙara daɗi a cikin duhu, a namu kuwa ɗauke wuta ɗauke magana ne, har sai an kunna fitilar ƙwai an ajiye ta a tsakiya, kowa ya matso inda za a ga hannunsa da fuskarsa. A wajen cin abinci hannun dama na cikin tuwo, don haka hagu ke ɗaukar zance, abin da baƙo kan gani ya ɗauka rashin tarbiyya ne.

Kowannenmu yana da suna na biyu, sunan hannu, wanda Baba ya raɗa masa bisa wata alama ta jikinsa. Mai wushirya ana nuna haƙori, mai tabo a goshi ana shafa goshi, Inna kuwa ana kwatanta ɗaurin ɗankwalinta. Abin da zai ba ku mamaki shi ne alkunya ba ta faɗi ba don babu murya. Babban yayanmu, ɗan fari, Baba bai taɓa yin alamar sunansa da hannunsa ba, sai dai ya turo baki wajen da yake, kamar yadda kowane uba Bahaushe na zamaninsa ke kauce wa sunan ɗan farinsa.

Ibadarsa ma da ido take tafiya. Yana sanin azahar da la'asar daga inuwar katanga da kuma ganin maƙwabta sun ɗauki buta. A cikin sahu yana bin motsin na kusa da shi, tun da kabbarar liman ba ta isa gare shi. Ranar Juma'a, a hanyar dawowa gida, ɗaya daga cikinmu ke taƙaita masa huɗuba da hannu. Haka kuma da dare idan an kama labaran rediyo, sai ya zaunar da mu ya ce mu ba shi, kuma ba ya yarda da rabin labari: wa ya faɗa, a ina, me ya sa. Uku daga cikinmu sun zama malaman makaranta, kuma a kan wannan tabarma muka fara koyon yadda ake ɗaukar dogon bayani a mayar da shi gajere ba tare da an zubar da ma'anarsa ba.

Sana'arsa ɗinki ce. Ya kafa kekensa a zaure yana fuskantar ƙofa, ya rataye madubi a gefe, don mai sallama ya shiga idonsa kafin ya gaji da kira. Yana sanin keke ya samu matsala ta tafin ƙafarsa, daga yadda feda ke rawa, tun kafin yaran shagonsa masu kunne su ji sauyin ƙara. Littafin bashinsa babu suna ko ɗaya a ciki, sai zane: mai gemu, mai babbar hula, mai ɗingishi, kowa da layukan kuɗinsa a gabansa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya ci kuɗinsa ta hanyar musun lissafi ba.

Idan ya rufe keke da yamma sai ya koma wajen tattabarunsa. Masu kiwon tattabaru kan kira su da fito, shi kuwa ya saba musu da farin ƙyalle a kan gora da gwangwanin dawa da yake kaɗawa. Daga yadda suka watse a sama yake sanin shaho ya zo, kafin kowa ya ɗaga kai. A wajen dara ba a son haɗuwa da shi, domin yana karanta fuskar abokin wasa kamar allo. A zamanin gidajen silima ba ya barin fim ɗin Indiya ya wuce shi, kuma yakan ce nan ne kaɗai wurin da shi da masu kunne suke daidai, tun da su ma ba Indiyanci suke ji ba, kowa da ido yake bin labari. Idan ana dambe yakan matsa kusa da makaɗa, ya ce kalangu yana shiga masa ta ƙirji. Ranar Juma'a da yamma kuma abokansa kurame kan taru a zaurenmu. Mai wucewa zai ɗauka shiru ake, alhali nan ne majalisar da ta fi kowace zafi a unguwa: siyasa, farashin hatsi, wa ya yi aure, wa ya saki. Sau da yawa labarin gari kan iso wannan zaure kafin ya isa gidajen masu rediyo.

Irin wannan gida ba ya rasa abin dariya, kuma Baba ne kan fara darawa. Wata rana ham ɗin babur ɗinsa ya maƙale yana ta ƙara, shi kuwa ya ratsa gari tun daga kasuwa har gida. Duk inda ya wuce mutane na ɗaga masa hannu suna nuna babur, shi kuma yana mayar musu da gaisuwa, ya iso yana gaya wa Inna cewa yau jama'ar gari sun cika fara'a. A watan azumi kuwa aikin ƙaramar ƙanwarmu ne ta ɗaga hannu da zarar ladan ya kira magariba. Ranar nan ƙuda ya dame ta, ta ɗaga hannu za ta kore shi, Baba ya kai dabino baki, sai da Inna ta riƙe masa hannu, rana tana nan jajir ba ta faɗi ba. Akwai kuma daren da muka dawo daga biki tare da Inna muka tarar ya sa sakata ya yi barci. Aka buga ƙofa har maƙwabtan layi uku suka fito, a ƙarshe yayanmu ya haura katanga. Washegari Baba ya ja igiya daga ƙofar gida ta taga har zuwa wuyan hannunsa. Dabarar ta yi aiki mako biyu, kafin akuyar maƙwabta ta gano igiyar ta tashe shi sau uku a dare guda.

Amma ba duka ne na dariya ba. Kurma a kan titi yana cikin haɗarin da mai ji ba ya lissafawa. Direba kan danna ham daga baya, ya tabbata an ji shi, sai ya taho. An taɓa ture Baba a kan kekensa, direban ya fito yana faɗa yana cewa, “Kai kurma ne?” Amsar tambayar kuwa ita ce e. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne shingen bincike da dare: a daka masa tsawa ya tsaya bai ji ba, a haske masa ido da tocila ta yadda ba zai ga bakin mai magana ba, ya sa hannu a aljihu don ya fito da takardar da ke bayyana halinsa, wani ya ɗauka wani abu zai ciro. Duk daren da ya yi latti, ba mai barci a gidanmu.

Yanzu mun iso kan abin da ya fi shafar mu malamai. Yaro mai ji a gidan kurma yakan zama tafinta tun bai kai shekarun shiga makaranta ba. Yawancin aikin yana da daɗi, kuma yana buɗe kai. Sai dai akwai kayan da ba na yaro ba ne. A wani asibiti an taɓa tsayar da yayarmu, tana 'yar shekara goma, aka ce ta tambayi mahaifinta abubuwan da 'ya ba ta tambayar uba. Ranar da ɗan aike ya zo da rasuwar ƙanen Baba, yaro ɗan shekara tara ne ya tsaya a gabansa ya faɗa masa da hannu, domin babu babba a kusa. Idan mai kawo ɗinki ya yi zagi, yaro ne ke yanke shawara a cikin ƙiftawar ido: ya isar da zagin ya ɓata ran ubansa, ko ya haɗiye shi ya kwana da shi.

Makaranta ma takan ɗora irin wannan kaya. An taɓa kiran Baba saboda ƙanenmu ya yi kwana huɗu yana zuwa rafi maimakon aji, kuma wanda aka sa ya yi tafinta shi ne mai laifin. Shugaban makaranta yana faɗa, yaro yana juyawa yana gaya wa Baba cewa ana yaba ƙoƙarinsa a lissafi. Baba ya dubi fuskar shugaban, ya dubi hannun ɗansa, ya kama kunnen yaron a hankali, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Mun sha dariya a kan wannan shekara da shekaru, amma ku duba abin da ke ƙarƙashinsa. An sa yaro ya zaɓi tsakanin ya yi ƙarya ko ya kai ƙarar kansa, an kuma mayar da uba ɗan kallo a shari'ar ɗansa.

Ku san kuma yadda irin wannan yaro ke bayyana a aji. Yakan ƙura wa malami ido, alhali tarbiyyar Bahaushe ta ce yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba. A gidansu kuwa kawar da ido daga fuskar uba shi ne rashin kunya, daidai yake da toshe kunne. Yakan taɓa mutum kafin ya yi masa magana, yakan yi nuni da yatsa. Wani lokaci ba ya zuwa makaranta saboda ya raka uwarsa awo ko ubansa banki. A filin wasa kuma ana kiransa “ɗan bebe”. Malamin da ya san dalili zai ga yaro mai harshe biyu da saurin lura, wanda bai sani ba kuwa zai ɗauki bulala.

Mun ce harshe biyu, kuma da gangan muka faɗa. Maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, harshe ce mai ƙa'ida da tsari, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada daga junansu tun kafin zuwan boko, har ga shi a Kano akwai sarautar Sarkin Bebaye kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci harshen, ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000. A makarantun kurame kuwa wani harshen hannun ake koyarwa, mai tushe daga na Amurka. Wanda ya fi kowa yaɗa shi a Afirka shi ne Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13. Makarantar Tudun Maliki ta Kano a 1977 aka buɗe ta, shekarar da aka kafa kwalejin tarayya ta horar da malaman ilimi na musamman a garin Oyo. A lokacin Baba ya riga ya tara iyali. Ma'anar wannan a gare mu ita ce kurame ba iri ɗaya ba ne. Wani ya yi makaranta yana karatu da rubutu, wani kuwa sai maganar hannu ta gida. Sai an tambaya ake sanin hanyar da ta dace da kowa.

Ɗaga murya ba ya ƙara komai sai murguɗa baki. Karanta leɓe ma yana da iyaka. Ku tsaya gaban madubi ku ce “baba”, ku ce “mama”, ba tare da sauti ba, za ku ga baki ɗaya ne. Haka “kaya” da “ƙaya” da “gaya”, domin a can cikin baki suke rabuwa. Kukan yaro da kukar miya kuwa karin sauti ne kaɗai ya raba su, shi kuwa ido ba ya ganinsa.

Bisa ga haka muna gabatar wa reshe da roƙo guda biyar, kuma babu wanda ke jiran kasafin kuɗi a cikinsu.

Na farko, a ranar ɗaukar sababbin ɗalibai a riƙa tambaya ko akwai kurma a cikin iyaye, a rubuta a rajista tare da hanyar da za a same shi: takarda, ko saƙon waya, ko kiran bidiyo ta WhatsApp. Wannan kiran ya sauya rayuwar kurame ƙwarai. Baba, da ya haura shekara saba'in, da shi yake hira da jikokinsa na nesa a yau.

Na biyu, a taron iyaye da malamai a ba kurma wuri a gaba inda akwai haske, a rubuta batutuwa da adadin duk kuɗin da aka yanke a kan allo, a nemo babban mutum ya yi tafinta. Mai magana kuma ya dubi uban, ya yi magana da shi, kada ya juya wa tafinta yana cewa “gaya masa”.

Na uku, kada a sa ɗalibi ya yi tafinta a kan laifinsa, ko sakamakon jarrabawarsa, ko bashin da ake bin gidansu.

Na huɗu, mu kawar da kalmar “bebe” da “kurma” daga cikin kalmomin faɗa a harabar makaranta, daga bakin yara da na manya. Duk lokacin da aka ce wa yaron da bai gane darasi ba “kai kurma ne?”, akwai yiwuwar wani yaro a aji ya ji an zagi ubansa.

Na biyar, reshe ya gayyato malamai kurame da abokan aikinmu na makarantun ilimi na musamman su riƙa koya mana maganar hannu na rabin awa a taronmu na wata-wata, mu fara da gaisuwa da lambobi da kalmomin makaranta. Doka tana bayanmu a kan wannan. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi cewa maganar hannu ta shiga manhajar makarantu tun daga firamare. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara domin harsunan hannu, kuma ranar tana faɗowa a farkon zangon farko, lokacin da sababbin iyaye ke shigowa makarantunmu. Ya dace mu sa ta a gaba a matsayin ranar farawa.

Ga iyalanmu kuma muna da tunatarwa. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya, musamman a bazara, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a kwana ana jiƙe-jiƙe. Kunnen da ke zubar da ruwa a kai shi a duba, a kuma cika alluran rigakafi, har da ta ƙyanda. Girmama kurma bai hana mu tsare jin 'ya'yanmu ba.

Ya ku 'yan uwa, ƙungiyarmu ta ginu ne a kan cewa duk wanda abu ya shafa a zauna da shi a ji ta bakinsa, kada a yanke masa hukunci a bayan idonsa. Abin da muke nema wa kanmu a teburin tattaunawa shi ne muke nema wa waɗannan iyaye a ofishin shugaban makaranta. Muna roƙon mai girma shugaba ya sanya waɗannan batutuwa biyar a cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kuma mu 'ya'yan gidan kurame da ke cikin wannan ƙungiya a shirye muke mu yi tafinta kyauta ga duk makarantar da ta neme mu, kafin a samu waɗanda aka horar.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, masu ji da marasa ji, Ya albarkaci zuriyarmu da ɗalibanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.